Allon Ana

A makarantar firamaren da ke ƙarshen Anguwan Rukuba, inda gidaje suke ƙarewa duwatsu su karɓa, ba wanda bai san wasan Sufeto na 'yan aji huɗu ba. Malama Kaneng ce ta ƙirƙiro shi. A jadawalin da aka aiko daga ofis an rubuta wasan kwaikwayo ranar Juma'a, minti arba'in kafin a tashi tara, kuma abin da yawancin malamai suke yi da mintocin nan shi ne su sa yara sharar fili, wai ai ita ma shara horo ce. Malama Kaneng kuwa gwangwanin madara ta samu, ta cika shi da 'yan takardu a nannaɗe, guda hamsin da biyu, daidai yawan ajin. Kowa ya sa hannu ya ɗauki tasa. Wani ya fito Sufeto, wani kofur, wani mai gadi, wata mai ƙosai, wani direban tasi, har da kurma da mai yawan mantuwa. A kusurwar takarda ɗaya tak akwai ɗan zanen wutsiya, kuma duk wanda ya ci karo da wutsiyar nan, ban da aikin da aka rubuta masa, shi ne Ɓera.

Da farko Ɓarawo ake ce masa. Sai da wani mahauci ya zo har ofishin hedimasta, da jini a gaban rigarsa, yana tambayar wace irin makaranta ce wannan da ɗansa zai koma gida yana taƙama shi ne ɓarawon ajinsu. Daga ranar aka mai da shi Ɓera, kowa ya huta.

In an buga tara, kowa sai ya fita, har Malama, a bar ƙofa a buɗe. Ɓera ya saci jiki ya dawo, ya ɗauki abin da ke ƙunshe cikin kwandon Malama, ya ɓoye shi inda ya ga dama, muddin dai cikin shingen ƙeranar makaranta ne. Ba zai faɗa wa kowa ba, ko uwarsa, sai an kama shi. Ita kanta Malama ba ta sanin ko wane ne. Daga nan har Juma'a mai zuwa Sufeto yana bincike, shaidu suna zama a kujera, kowa da muryar da takarda ta ba shi. Tambayoyi uku ta koya musu, ta ce su ne dukan aikin: me ka gani, yaushe, me ya canza.

Yaran suna mutuwar son wasan. Malama Kaneng kuwa ba ta son sa, ba ta ƙin sa. Tun watan Maris na shekarar nan ta 1978 ba ta son komai, ba ta ƙin komai.

'Yarta guda ce, Ana, mai shekara shida, 'yar aji ɗaya a wannan makarantar. Ƙyanda ta shigo unguwa, ta kwantar da ita ranar Litinin, ranar Asabar aka binne ta. Kaneng ba ta yi kuka ba. Ta dafa wa masu gaisuwa shayi, ta wanke kofuna, ta koma aiki bayan sati biyu. Matan zumunta a coci suka dinga kafa misali da ita, suna cewa ku dubi imanin Sista Kaneng. Su mutane in sun rasa sunan da za su ba abu sai su ce imani ne. Ita ta san ba imani ba ne. Ji take kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kana iya taɓa ta ka san taka ce, amma shi ke nan.

Mijinta Pam a Vom yake aiki, wajen shanun madara, sai Asabar yake zuwa gida. Da Maman Ana yake kiran ta. Yanzu in zai yi mata magana sai ya yi gyaran murya, ta juyo. Mutumin kirki ne, kuma kirkinsa ne ya sa wata Asabar ya sayo farar ƙasa ya shafe bangon tsakar gida tas, don kada ta riƙa gani tana tunawa. A bangon nan Ana ta zana kaji da gawayi, sun fi ashirin, kowace da ƙafa huɗu. Sau nawa Kaneng ta kamo kazar gidan ta ɗaga mata, ta ce ƙirga. Ana ta ƙirga biyu, ta yarda, sannan ta koma bango ta yi huɗu, ta ce biyu ba sa isa, za ta faɗi. Da Kaneng ta dawo daga kasuwa ta tarar da bangon fari fat, sai ta ce wa Pam sannu da aiki. Littattafan yarinyar da kayanta kuwa tuni surukarta ta raba wa dangi.

Abin da ya rage shi ne allo. Allon makaranta ne na baƙin dutse mai katako a gefe, kuma a kusurwar katakon akwai ɗigo uku da Pam ya ƙona da ƙusa mai zafi don kada ya ɓace. Malama Cordelia, mai aji ɗaya, ita ta kawo shi gida sati guda bayan rasuwar, a ƙunshe cikin ɗankwali ruwan ƙasa.

"Aikinta na ƙarshe yana kai," ta ce. "Ban goge ba."

Kaneng ta karɓa ta yi godiya. Ba ta kwance ba a ranar, ba ta kuma kwance ba har wata takwas. Ba ta san abin da ke kai ba. Ta san dai alli ne, kuma alli ba ya son yatsa, ba ya son raɓa, ba ya son komai. Kullum yana cikin kwandonta, ta je da shi makaranta ta dawo da shi, kamar yadda wasu suke yawo da maganin da ba sa sha. Ranar Juma'a kawai take cire shi kafin tara ta sa a aljihun tebur ta kulle.

Akwai kuma wani abu da take yi, wanda ita a ganinta ba wanda ya lura. Ɗakin aji ɗaya yana bakin ƙofar makaranta, duk mai shiga sai ya wuce ta gabansa. Tun Maris Kaneng ta daina bin ƙofar. Ta wata ɓaraka a shingen baya take shiga, ta bi bayan banɗaki, ta ratsa ciyawa, ta ɓullo aji huɗu. In hedimasta ya kira ta ofis, haka za ta zagaya ta baya. Da Cordelia ma gaisuwa ce kawai daga nesa.

Juma'ar farko ta Nuwamba, damina ta ɗauke, aka ɗebi takardu kamar kullum. Zulaihatu, 'yar wani tela, ta fito Sufeto, ta kifa hular kwali a kan ɗankwalinta tana ɗaure fuska. Abin ɓoyewa na satin tsohon dutsen guga ne, Malama ta naɗe shi cikin tsumma ta sa a kwando. Ana saura minti biyar a buga tara hedimasta ya aiko a kira malamai duka, yanzu-yanzu, wai ga takarda ta zo daga ofis. Takardar a kan tsawon ciyawar filin makaranta ce, kuma sai da ya karanta ta sau biyu. Kaneng ta jibga littattafan rubutu a kwando ta fita. Aljihun tebur bai zo mata a rai ba.

Sai da ta isa gida da rana, ta kwashe littattafan, ta ga dutsen guga kwance a ƙasan kwandon, naɗe da tsummarsa. Ta daɗe tana kallon sa. Ɓera ya yi aikinsa daidai, ya sa hannu ya ɗauki abin da ke ƙunshe, wanda yake sama.

Ta jira ta ji wani abu, ko faɗuwar gaba, ko zafi a ido. Ba abin da ya zo. Ta ce a ranta Litinin za ta tsai da wasan, Ɓera ya nuna wurin, shi ke nan. Ta jiƙa wanki. Pam ya zo ranar Asabar da kwalbar madara, ya yi gyaran muryarsa, ya koma ranar Lahadi da yamma, ba ta ce masa komai ba. Da safe dai in ta fito takan duba raɓar da ta kwanta a kan kwanon ɗakin girki, ta shafa da yatsa ta ga yawanta.

Ranar Litinin ta tsaya gaban aji ta ce, "Wasa ya tsaya. Ɓera ya miƙe, ba laifi."

Ba wanda ya motsa. Wasu har da murmushi. Ita ta jawo wa kanta, don a zangon da ya wuce ta taɓa yi musu wannan tarkon, wani yaro ya miƙe, ta ce ya faɗi, ɗan wasan kirki ba ya fita daga rigarsa don an kira shi. Sun koya, kuma sun koya da kyau. Sai da ta bi benci-benci ta karɓi takardun ɗaya bayan ɗaya tana duba kusurwa. Hamsin da ɗaya ta karɓa, babu wutsiya ko ɗaya. Wuri ɗaya ne ba kowa, ƙarshen bencin baya.

"Ina Kulu?"

Kulu 'yar Hammajoda ce, daga rugar da ke bayan duwatsu. Doguwa ce, ta girmi 'yan ajin da shekara biyu, ba ta magana sai an tambaye ta. A karatu tsaka-tsaki take, amma a wasan Sufeto ba a haɗa ta da kowa. Yayin da sauran suke ta zuba tambayoyi, ita ƙasa take kallo, don tun tana ƙarama aikinta ke nan in maraƙi ya ɓace.

"Bai zo ba, Malama," in ji Anayo, wanda ubansa ke sayar da kayan keke. "Mamanshi ma bai kawo nono yau ba."

Kaneng ta zuba takardun cikin gwangwani ta rufe. Ta gaya musu da irin muryar da take kiran suna da safe.

"Abin da aka ɗauka ba na wasa ba ne. Kuskure aka yi, kuma nawa ne. Allon Ana ne. Akwai rubutunta a kai."

'Yan ajin duk sun san Ana, wadda takan zo lokacin tara ta zauna ƙarƙashin teburin nan tana cin gyaɗa. Zulaihatu ta kai hannu ta cire hular kwali.

"Mayar," in ji Kaneng. "Har yanzu ke ce Sufeto."

Ta ɗauki alli ta zana musu taswirar makarantar a babban allo, ɗakuna da ofis da banɗaki da mangwaro da shinge. Ta raba su ƙungiya-ƙungiya, ta ba kowace wurinta, ta ce duk inda aka duba a zo a soke shi. Abin nema ƙunshi ne ruwan ƙasa, mai faɗi, kuma wanda ya gani kada ya taɓa.

Da aka tashi ta bi ta cikin duwatsu zuwa rugar. Tafiyar rabin awa ce. Abin da ta tarar shi ne da'irori a ƙasa inda bukkoki suka zauna, da toka, da turakun maruƙa, da wani fasasshen ƙoƙo. Wata tsohuwa tana kwasar kashin shanu a buhu don gonar dankalinta.

"Sannu, Mama. Mutanen nan fa?"

"Sun tashi tun asubar Asabar. Sun yi kudu, wajen ruwa." Tsohuwar ta miƙe tana dafa ƙugu, ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ba 'yar nan ba ce? Kowace shekara ciyawa na bushewa suke tafiya. Sai ruwan fari kuma za su dawo."

'Yar nan ce, a nan aka haife ta. Shekara da shekaru tana ganin nono yana yankewa a wannan lokacin, ba ta taɓa haɗa shi da rajistar aji ba. Ta shirya wasan kwana bakwai, wutsiyar kuma ta faɗa hannun yarinyar da kwana ɗaya ya rage mata. Kulu kuwa ta riƙe doka, ba ta faɗa wa kowa ba, ta bi shanu da asirinta. Kaneng ta ƙirga watannin da suka rage kafin ruwan fari, ta samu biyar, ta yi wa tsohuwar sallama ta koma gida ta gyara littattafan lissafi.

Talata da Laraba yaran suka kwashe suna nema. Suka leƙa saman rufi, suka tona gindin mangwaro, suka kwashe tarin karyayyun bencin da ke bayan ofis. Anayo ya cusa hannu cikin ƙerana har ruwanta ya ƙone masa fata, ya ƙi yarda a kai shi gida. Kowace ƙungiya ta dawo ta soke wurinta a taswira. Abin da ya ɗan ba Kaneng mamaki, in har mamaki ne, shi ne yadda suke neman ba hayaniya, kuma wurin da aka soke jiya yau sai ta ga an koma ana sake dubawa. Ta ɗauka ƙwazo ne.

Ranar Alhamis da safe ba sauran wurin sokewa. Zulaihatu ta ɗaga hannu.

"Malama, ina so in zauna da shaidu."

Kaneng ta gyaɗa kai ta koma gefe. Aka jawo kujerar shaida gaban aji. Mai ƙosai ta zauna ta ce ba ta ga komai ba. Direban tasi ya ce shi yana tasha. Aka kira mai gadi, wato Anayo, ya zo da hannunsa ɗaure da tsumma.

"Me ka gani?"

"Na ga Kulu, oga. Hannunshi ba komai."

"Yaushe?"

"Bayan an buga ƙarfe. Shi ne ya shigo ƙarshe."

"Daga ina ta fito?"

Anayo ya dubi ƙasa. "Daga gaba, wajen ƙofar makaranta."

"Tashi." Zulaihatu ta gyara hularta. Ba ta fita daga rigarta ba. "Shaida ta ƙarshe. Malama Kaneng."

Ba a taɓa yin haka ba, amma ba dokar da ta hana. Kaneng ta zo ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Malama, ɗaki nawa ne a makarantar nan, har da ofis?"

"Bakwai."

"Nawa ne a taswira?"

Kaneng ta juya ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa daga ɗaya gefen. Shida ne. A bakin ƙofar makaranta, inda ɗakin aji ɗaya yake, allon baƙi ne wuluk, ko layi babu. Hannunta ne ya yi zanen, kuma kwana huɗu tana tsaye a gabansa.

"Akwai hanya a bayan banɗaki," in ji Zulaihatu, idonta a kan tebur. "Da babu ita. Ciyawa ta mutu a wurin, sawun takalmi ɗaya ne. Kulu ce ta nuna mana tun farkon zango. Ta ce saniya in ta canza hanya, akwai abin da take gudu a tsohuwar." Ta dubi taswirar. "Duk wanda yake so ya ɓoye abu kada Malama ta samu, wuri ɗaya ne."

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun Litinin, Malama."

"Me ya hana ku faɗa?"

Can daga bencin baya wata ƙaramar murya ta ce, "Mun ji kunya." Anayo ya ce shi ya leƙa ta taga ranar Talata, bai ga ƙunshi ba, sai suka ce bari su ƙara dubawa ko Allah zai sa yana wani wuri. Yara hamsin da ɗaya sun kwana uku suna tonon inda suka san babu komai, don kada su sa malamarsu ta bi ta wata ƙofa. Kaneng ta dube su, ta san abin tausayi ne, ta san ya kamata ta ji shi. Ta tashi ta ce kowa ya zauna a wurinsa.

Ta gaba ta bi. Ba nisa, ashe, ko taku sittin bai kai ba. Tana jin ƙafafu a bayanta, ba ta juya ta kore su ba.

Ɗakin aji ɗaya yana nan yadda ta san shi, sai dai ya ƙara cika. Tun shekarar da aka ce kowane yaro ya zo makaranta kyauta, aka manta a aiko da benci, yara casa'in ne a ɗakin, wasu a kan katako, wasu a ƙasa. Cordelia tana rubutu a babban allo. Da ta juyo ta ga mai shigowa, sai allin ya tsaya a hannunta.

"Sista Kaneng. Lafiya?"

"Ina kuke ajiye alluna?"

Cordelia ta nuna wani akwatin katako a lungu. Kaneng ta durƙusa. Duk masu kyau an rabar, sai fasassu a ƙasa, guntu-guntu. Ta ɗaga su ɗaya-ɗaya. A can ƙarƙashi ta samu ɗankwali ruwan ƙasa, an ninke shi da kyau gida huɗu, babu komai a ciki. Kulu ta yi abin da ya fi na kowa wayo. Ta ji da hannu allo ne, ta kwance shi, ta sa shi cikin 'yan'uwansa.

Cordelia ta gane ɗankwalin. Ta dafe baki. "Wayyo, Sista. Ban sani ba. Wallahi ban gani ba, sun yi yawa."

"Ce musu su ɗaga allunansu."

Aka ɗaga. Kaneng ta bi layi-layi, tana tsallake ƙafafu, ba ta kallon fuska, kusurwar katako kawai take kallo. Ta wuce benci na uku kusa da taga, inda Ana take zama, wani yaro mai majina yana wurin. A layin ƙarshe, jikin bango, ta ga ɗigo uku.

Yarinyar da ke riƙe da shi ita ce mafi ƙanƙanta a ɗakin, rigar makarantar ta yi mata yawa har an naɗe hannun. A kan allon akwai lamba uku, an jera ta layi biyar, wasu a tsaye wasu a kwance. Ban da su ba komai. Dutsen ya gogu tas, har yana ƙyalli.

"Hadijatu ke nan," in ji Cordelia a hankali. "Kullum ita ce ƙarshe, ba ta samun allo."

Kaneng ta tsuguna. Yarinyar ta ƙanƙame allon a ƙirji, ta ɗauka ƙwacewa za a yi.

"Ba zan karɓa ba. A ina kika samu?"

"A ƙasan akwati. Ba na kowa ba ne."

"Yaushe?"

"Jiya."

Jiya, Laraba. Litinin yana nan da rubutunsa, Talata ma yana nan, taku sittin daga teburinta. Kaneng ta lura da wannan kamar yadda ake lura da kwanan wata. A duniya yanzu mutum biyu ne suka san abin da ke kan allon ban da Cordelia, ɗaya tana bin shanu a kudu, ɗaya ga ta nan. Ta ɗaga kai ta dubi Cordelia, Cordelia ta girgiza kai, hawaye na zuba, ta ce wata takwas ne, ta manta, ta dai san ba ta goge ba.

Kaneng ta koma kan yarinyar. Tambaya ɗaya ta rage, wadda ita ce ta farko.

"Da kika ɗauko shi, me kika gani a kai?"

Hadijatu ta yi tunani, ta sa yatsa a baki.

"Kaza ce."

"Kaza."

"E. Amma ba daidai ba ne, Malama. Ƙafa huɗu aka yi mata. Shi ya sa na goge."

Kaneng ta zauna a ƙarshen ɗan bencin, gwiwoyinta har ƙirji. Ta ji bakinta yana magana.

"Biyu ba sa isa," ta ce. "Za ta faɗi."

"Tamu biyu ce," in ji Hadijatu, "kuma ba ta faɗuwa."

A nan ne abin ya zo. Bai zo a asibiti ba, bai zo a bakin kabari ba, bai zo ranar da aka shafe bango ba, sai a nan, gaban yara casa'in. Zafi ne, kamar yadda ƙafar da ta mutu take yi in jini ya fara komawa, kuma ya fi ƙarfinta. 'Yarta ta mutu. Ta sani tun Maris, amma yau ta ji. Ta kifa fuska a cikin ɗankwalin da ke hannunta, kafaɗunta suka fara rawa, ba sauti.

Hadijatu ta tsorata. Ta miƙo allon da hannu biyu, ta taɓa gwiwar Malama da gefensa.

"Ga shi. Yi haƙuri."

Kaneng ta girgiza kai ba tare da ta ɗago ba, ta tura mata shi a hankali.

A bakin ƙofa 'yan aji huɗu sun yi cirko-cirko. A ƙa'idar wasa, in an gano abu Sufeto yakan ce an rufe bincike, kowa ya yi tafi. Zulaihatu kuwa ta cire hular kwalin ta ninke ta, ta kora 'yan ajinsu gaba, suka koma ta hanyar da suka zo.

Hadijatu ta jira kaɗan, ta ga ba wanda ya ce mata komai. Ta ɗora allon a cinya, ta tofa yawu a gefen hannun rigarta, ta goge layin ƙarshe da ya karkace, ta fara wani.